Hutun ɗaliban yeshiba: ja da bayan rago ne ko hutun jaki?

Tambaya: Malam, na ji cewa ɗaliban addinin Yahudawa waɗanda ba su da wata sana'a sai karatu suna tafiya hutu sau uku a shekara, amma ko a gida ba sa ajiye littafi. Wane karin magana ne ya fi dacewa da su, "hutun jaki da kaya a ka" ko "ja da baya ga rago ba tsoro ba ne"? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Ɗan'uwa, na biyun na zaɓa. Amma a fara gyara furuci, domin rubutun boko ya haɗa kalmomi biyu a siffa ɗaya. Ragon da ke cikin karin maganar nan na layya ne, ana jan wasalinsa na farko. Malalaci kuwa wasalinsa gajere ne, wasu ma raggo suke cewa. Duk wanda ya rikita su ya kashe maganar, don malalaci in ya ja da baya ba dawowa zai yi ba, shi kuwa rago tazarar karo yake nema.

Makarantun da kake nufi su ake kira yeshiba, irin Mir ta birnin Ƙudus da ta Lakewood a Amurka wadda aka kafa a 1943. Ɗalibai biyu-biyu suke zama suna tafka muhawara a kan Talmud, babban kundin shari'a da koyarwar malamansu na dā, tun safe har dare. Shekararsu zango uku ce, kowanne suna ce masa "zman", 'yar'uwar kalmar Larabcin da ta ba mu "zamani". Hutun kuma "bein hazmanim", wato tsakanin zanguna: ɗaya daga bayan azumin Yom Kippur zuwa ƙarshen watan Tishri na kalandarsu, ɗaya watan Nisan sukutum saboda idin Pesak, sai kamar mako uku a bazararsu. Zangon hunturu kaɗai wata biyar ne ba sauka. Ƙwaƙwalwar da ta yi wannan tafiya dole ta nemi sararawa.

Abin yana da tushe a wurinsu. Talmud ya ruwaito cewa malaminsu Raba yana hana almajiransa zuwa gabansa a Nisan da Tishri, lokacin aikin gona, don kada neman abinci ya ɗauke musu hankali sauran shekara. Wani malaminsu kuma, Resh Lakish, ya ce wani lokaci dakatar da karatu shi ne tabbatar da shi. Ba kowa ya yarda ba: Maharal, wani babban malaminsu na birnin Prag wanda ya rasu a 1609, ya soki al'adar, yana ganin ɓata lokaci ce. Ina ganin tsoronsa yana da dalili, amma abin da ya hango zaman kashe wando ne, kuma Hausa ta raba wannan da hutu. Mai hutu ya gaji ne yana da wurin komawa.

Shi kuwa "hutun jaki da kaya a ka" ana faɗarsa ne idan an sauya wa mutum suna kawai, wahala tana nan. Ɗalibin da ya yi karatun awa biyu ko uku da safe a wurin ibadar unguwarsu, sannan ya taya mahaifiyarsa share gida kafin idi, ya ga ƙannensa, ya yi barci ya ƙoshi, an sauke masa kaya. Inda maganar za ta hau shi ita ce a cika masa hutun da jadawali irin na makaranta, ko a sa masa jin cewa duk sa'ar da bai buɗe littafi ba ya yi laifi. Wannan na ƙarshe ya fi damuna, domin yaro yakan koma zango a gajiye alhali kowa yana cewa ya huta.

Mu ma malaman tsangaya ba su taɓa ganin hutun Alhamis da Juma'a a matsayin cikas ga hadda ba.