Tambayoyinku: Wace taga ce ke riƙe ɗumi, wacce ce ke tare zafin rana?

Assalamu alaikum masu karatu. Wannan karon tambayoyin da suka fi yawa a kan taga ne, na zaɓo huɗu, sauran ku yi haƙuri dan kusan duk abu ɗaya kuke tambaya.

Tambaya: Salam Injiniya, dan Allah shawara nake nema. Aiki ne ya kawo ni ƙasa mai sanyi irin wadda ƙanƙara ke zuba wata uku zuwa huɗu, gidan da muka saya tsoho ne kuma tagoginsa duk gilashi ɗaya ne. Hita tana kunne dare da rana amma in ka zauna kusa da taga kamar an buɗe maka firij, bil kuma kullum hawa yake. Masu saida taga wannan ya ce in sa mai gilashi biyu wancan ya ce uku, wallahi sun rikita ni. Daga wani magidanci.

Amsa: Wa'alaikumus salam Malam. Ba kai kaɗai ba ne, ma'aikatar makamashi ta Amurka ta ƙiyasta cewa kashi 25 zuwa 30 cikin ɗari na makamashin da gida ke ci wajen ɗumamawa da sanyayawa ta taga yake tafiya, toh ka ga ba ƙaramin abu ba ne.

Ka bar musu surutun, ka ce su nuna maka lambar U ta tagar. Ita ce ke gaya maka yawan ɗumin da ke silalewa ta kowace murabba'in mita, kuma in ta yi ƙasa shi ne ta yi kyau. Gilashi ɗaya irin naka yana wajen 5.8. Mai gilashi biyu da iska kawai a tsakani yana wajen 2.8, wato ka riga ka rage rabin asarar kenan. In an yi wa gilashin shafen nan da ake ce wa Low-E kuma aka cika tsakanin da iskar argon sai ya sauko wajen 1.1 ko 1.2, mai gilashi uku kuma yana iya kaiwa 0.6 ko 0.7. Gidajen nan masu ƙarancin buƙatar hita da ake kira Passivhaus, waɗanda aka fara ginawa a Darmstadt ta Jamus a 1991, sharaɗinsu taga kar ta wuce 0.8 a ƙasashe masu sanyi irin nasu.

Abin da ke aikin ba kaurin gilashin ba ne, mutane da yawa nan suke kuskure, gilashi shi kansa bai iya riƙe ɗumi ba ko ka ninka kaurinsa. Iskar da aka kulle a tsakani ce, kusan irin dabarar filas. Tazarar kuma tana da ƙa'ida, wajen milimita 12 zuwa 16, in ta yi faɗi da yawa iskar ciki sai ta fara juyawa tana kwaso ɗumi daga wannan gilashi tana kai wa wancan, an yi ba a yi ba kenan. Shi kuma Low-E shafe ne na ƙarfe, galibi azurfa, siriri har ido ba ya ganinsa, yana barin haske ya wuce amma yana maido maka da ɗumin ɗaki ciki.

Ni a ganina tsallen da zai canza maka rayuwa shi ne daga gilashi ɗaya zuwa biyu mai Low-E da argon. Daga biyu zuwa uku ribar ba ta kai wancan ba, ga tsada ga nauyi, sai dai in sanyinku irin mai tsanani ne sosai ko kuma ɗakin da rana ba ta leƙa shi sam, nan kam uku ta cancanta. Sannan ka kula, in a Amurka kake ma'auninsu daban ne, za ka ga an rubuta 0.30 a takardar NFRC (ƙungiyar da ke auna ingancin tagogi a can) da ke manne a gilashin ka ɗauka ka samu abin mamaki, alhali in ka ninka da 5.7 wajen 1.7 ne a ma'aunin Turai. Kuma ka tambaya lambar ta tagar gaba ɗaya ce har da firam ko ta tsakiyar gilashi ce kawai, dan ta tsakiyar kullum ta fi kyau a takarda kuma ita masu talla suka fi son nunawa.

Tambaya: Injiniya mu da muke fama da zafi kusan duk shekara meye namu a wannan zance? Ɗakina da la'asar kamar tanda, esi na ta aiki amma a banza. Ko in sa mai gilashi biyun ne nima? Daga wata mai karatu.

Amsa: Ƴar'uwa naki ma yana ciki, sai dai lambar da za ki fara dubawa daban ce. Ke ba ɗumi ne ke gudu miki ba, rana ce ke shigo miki. Akwai lamba ta biyu, a Amurka SHGC suke rubutawa, a Turai harafin g, tana tsakanin 0 da 1, tana nuna kason zafin rana da ke ratsa gilashin. Farin gilashi ɗaya na yau da kullum yana barin sama da kashi 80 cikin ɗari ya shigo. Ke ki nemi mai 0.25 ko kusa da haka. Mai gilashi biyu da ba a yi wa shafen tare rana ba ba zai miki wani abin kirki ba, rana za ta shiga abinta, kuma zafin da ya shiga ya ƙi fita.

Tunda kika ce da la'asar, ina kyautata zaton tagar yamma take kallo, kuma ita ce mafi wahala a ƙasar zafi dan rana ta yi ƙasa tana dukan gilashin kai tsaye a lokacin da garin ya gama ɗaukar zafi. Kafin ki kashe kuɗi a sabuwar taga ki fara yi mata inuwa ta waje, rumfa ko shata (murfin taga) ko ma bishiya. Labule yana taimakawa amma kaɗan, dan kafin rana ta taɓa labulen ta riga ta shigo ɗaki, ki sa hannu tsakanin labule da gilashi da ƙarfe huɗu ki ji. Shi kuma Malam na sama akasin haka ne, in yana arewacin duniya tagar da ke kallon kudu gara a bar rana ta shigo masa lokacin sanyi, hita ce ta kyauta. Wanda ke wurin da ake sanyi sosai kuma a yi zafi sosai, shi ya nemi U mai ƙasa a duk tagogi sannan ya bambanta gilashi gwargwadon inda kowace taga ta fuskanta, ba dole ba ne duk gidan ya zama iri ɗaya.

Tambaya: Malam bara muka sa sabbin tagogi masu gilashi biyu, yanzu da safe sai mu ga sun yi gumi. An cuce mu ne?

Amsa: Ya danganta da inda gumin yake, ka shafa da yatsa. In ta waje ne ka kwantar da hankalinka, alama ce ɗumin ɗaki ba ya isa gilashin waje shi ya sa raɓa ke kwanciya a kansa. In ta ciki ne danshi ya yi yawa a gidan, tururin girki da wanka da shanya a ɗaki, a riƙa buɗe taga ko a kunna fankar da ke zuƙe iska. In kuwa ka goge ciki ka goge waje yana nan, toh tsakanin gilasan yake, liƙin gefe ya buɗe argon ya gudu, shekara ɗaya kacal kuma bai kamata ba, ɗauko takardar garanti ka koma musu.

Tambaya: Yallaɓai firam na alminiyam da na roba da na katako wanne ya fi? Mai aikina ya ce duk ɗaya ne gilashi ne magana.

Amsa: Ba ɗaya ba ne, ka gaya masa ni na ce. Alminiyam yana wuce da zafi kusan ninki dubu fiye da katako ko robar uPVC, sai ka sa gilashi mai tsada firam ɗin kuma ya zama gada ɗumi na bi yana ficewa. In alminiyam kake so saboda ƙarko, ka nemi wanda aka raba tsakiyarsa da roba yadda ɓangaren waje ba ya taɓa na ciki, ka ce a nuna maka yankakken samfur ka gani da idonka. Katako yana riƙe ɗumi da kyau amma yana son fenti da kulawa, uPVC ba ruwanta da fenti sai dai mara kyau tana gajiya a rana mai ƙarfi.

Amma abin da ya fi ba ni haushi ɗaurawa ne. Na taɓa zuwa wani gida an sa tagogi masu gilashi uku mai gidan na ta kukan sanyi, da muka ɓalle katakon adon da ke gefe sai ga rami tsakanin firam da bango yatsana biyu sun shige, ba kumfa ba silikon, an rufe da ado kawai an tafi. Dan haka ranar ɗaurawa ka tsaya a wurin, ka ga an cike gefen kafin a rufe. Bayan sun gama ka sa takarda a bakin tagar ka rufe a kanta ka ja, in ta zare salin alin robar gefen ba ta kama ba, ka gwada sama da ƙasa da kowane gefe kafin ka biya cikon kuɗin.