Tambaya da Amsa: Wai me tsofaffin Ingila suke kewa ne haka?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, barka da ƙoƙari. Ni ina aiki ne a gidan kula da tsofaffi a wani gari kusa da Barnsley, arewacin Ingila, kuma akwai abun da yake ɗaure min kai. Tsofaffin nan hirarsu ɗaya ce kullum, da can kaza da can kaza. Akwai wata kaka da nake kula da ita ta haura 85, wallahi ba ta iya tuna abun da ta karya da shi da safe amma za ta lissafo maka sunan kowa a layinsu lokacin tana yarinya har da mai kawo musu madara, wani sa'in har da hawayenta. Ni kuma gani nake ai yanzu ne suke cikin daula, ga ɗaki da ɗumi, ga abinci, ga asibiti kyauta. Dan Allah me suke kewa? Kuma in ta fara me ya kamata in ce mata?
Daga wata 'yar'uwa a Yokshaya

AMSA: Wa'alaikissalam 'yar'uwa, Allah ya ba da ladan wannan aiki don ba ƙaramin haƙuri yake so ba. Kakar nan taki dai an haife ta ne dab da yaƙin duniya na biyu ko a farkonsa, kinga kenan a cikin ƙunci ta buɗe ido. Tun watan Janairun 1940 gwamnati ta fara raba abinci da kati, sukari da man shanu da nama duk gwargwado ake ba kowane gida, kuma ba a daina gaba ɗaya ba sai 1954, shekara tara bayan an gama yaƙin. Ko alewa sai a 1953 aka sake ta kowa ya sayi yadda yake so. Don haka ba daula take kewa ba, ba ta ma same ta ba a lokacin.

Abun da ta rasa shi ne garin da kowa ya san kowa, kuma akwai dalilin da ya sa garuruwan yankinku suka kasance haka. Kwal ne ya kafa su. Lokacin da gwamnati ta karɓe mahaƙan kwal a 1947 mutum sama da dubu 700 ne suke wannan aikin a ƙasar, toh a gari irin nasu babanta da kawunta da maƙwabcinsu da wanda zai zo ya aure ta duk rami ɗaya suke shiga su fito baƙi ƙirin, layin gidajen ma don ma'aikatan aka gina su a jere bango ɗaya, in mutum ya yi tari maƙwabci na ji. In aka yi haɗari a rami duk layin ne yake zaman makoki. Mahaƙar tana da 'yan badujalarta, tana da kulob ɗin ƙwallonta, akwai kulob ɗin ma'aikata da yake kwasar yara a kai su bakin teku sau ɗaya a shekara, su Cleethorpes da Scarborough da Blackpool, kuma akwai mako guda a lokacin zafi da kusan garin gaba ɗaya yake tafiya hutu tare, ka je can bakin ruwan ma maƙwabtanka za ka tarar sun riga ka shimfiɗa tawul.

Shi mai madarar da take ambata kuwa ba ƙaramin mutum ba ne a wajensu. Tun da asuba yake zagaye layi-layi, da doki ko da 'yar motarsa mai aiki da batir, ya ajiye kwalabe a bakin kowace ƙofa ya kwashe na jiya da aka wanke, kuɗinsa sai ƙarshen mako. Murfin kwalbar na takardar gwangwani ne marar kauri, har tsuntsaye suka gano suna huda shi su shanye man da ya taso sama kafin masu gida su tashi. Kuma in ya ga madarar jiya tana nan ba a ɗauka ba shi ne zai fara buga ƙofa ya ji ko lafiya. Ga mai kwal da buhu a kafaɗa, ga mai sayen tsumma da ƙarafa da keken dokinsa yana kwarara kira, ranar Litinin ranar wanki ce duk layi shanya, mata kuma su durƙusa su goge dakalin ƙofa da wani dutse har ya yi fari don kar maƙwabciya ta ce wance ƙazama ce. Yara a titi suke wuni tunda motoci ba su da yawa. In 5 ga Nuwamba ta matso sai su cusa tsumma a tsofaffin kaya su yi mutum-mutumin Guy Fawkes, wanda ya so tarwatsa majalisa da albarushi a 1605, su dinga yawo da shi suna roƙon kwabo kamar dai yaranmu da tashe, daren ranar a ƙona shi a babbar wuta.

Duk wannan a kan idonta ya watse. A 1963 rahoton Beeching, shugaban hukumar jiragen ƙasa ta Birtaniya a lokacin, ya ba da shawarar rufe tashoshin jirgin ƙasa sama da 2,000 da layin dogo kusan mil 5,000, kuma an rufe mafi yawansu, ƙauyuka da dama daga nan jirgi bai sake tsaya musu ba. Sai yajin aikin masu haƙar kwal daga Maris 1984 zuwa Maris 1985, wanda a nan kusa da ku ya faro a mahaƙar Cortonwood, shekara guda cur babu albashi kuma a ƙarshe gwamnatin Firaminista Margaret Thatcher ce ta yi nasara. Mahaƙar Grimethorpe da ke yankinku an rufe ta a 1993, mahaƙa mai zurfi ta ƙarshe a ƙasar wato Kellingley ita ma an rufe ta a Disambar 2015. Aiki ya tafi, samari suka bi shi, kantin bakin layi ya kasa gogayya da manyan kantuna, gidan waya da makarantar ƙauye su ma aka bi su ɗaya bayan ɗaya. A ƙauyukan kudu masu kyau irin na Cornwall kuma wata matsalar ce daban, masu kuɗi daga birni sun saye gidajen don hutu har ɗan gari ba ya iya sayen gida inda aka haife shi.

Batun me za ki ce mata, ni dai a ganina kar ki ce mata ai yanzu ya fi, ba musu take nema ba. Masu ciwon mantuwa abun da ya faru jiya ne yake fara ɓace musu, na yarinta shi ne yake daɗewa, shi ya sa in tana wannan hirar a nan ne take jin ita ce ita. Tambaya za ki dinga yi mata. Ki ce wace rana ake wanki a gidanku, wane bakin teku kuke zuwa, a gidan wa kuka kalli naɗin Sarauniya Elizabeth a 1953 tunda a lokacin talabijin ɗaya ce layi guda ake taruwa a kai. Sannan ki gwada tambayarta lambar mamanta ta kantin Co-op, wato kantin haɗin gwiwa, lamba ce da ake faɗa duk sanda aka yi sayayya don a raba musu riba daga baya, yara aka fi aika don haka da yawansu har yau tana kansu tsaf. Maganar yajin aikin 1984 kam ki bari sai in ita ta ɗauko, akwai gidajen da har yanzu ba sa ga-maciji da juna saboda wani ya koma aiki kafin a janye.

TAMBAYA: Malam na ga wani hoto a Facebook wai Turawan Ingila da a waje bayinsu yake kuma sau ɗaya suke wanka a sati. Da gaske ne ko sharri ne kawai?
Daga wani ɗalibi a Zariya

AMSA: Ba sharri ba ne ƙanena, su da bakinsu suke faɗa har suna dariya. Gidajen ma'aikata da yawa a su Leeds da Bamingham da Manchesta har cikin shekarun 1960 bayin yana can ƙarshen tsakar gida, wani wajen ma gida biyu ko uku ne suke haɗa ɗaya, da tsohuwar jarida an yanka ta an rataye a ƙusa, da dare kuma sai fo a ƙarƙashin gado don ba mai fita cikin wannan sanyin. Wanka a bahon ƙarfe ake yi a gaban murhun kwal, a dafa ruwa a tukunya a zuba, yara su shiga ɗaya bayan ɗaya a ruwa guda, na ƙarshe dai sai haƙuri. Ɗakin kwana babu ɗumi sam, da safe ƙanƙara ta cikin gilashin taga take kamawa.

Kuma irin shafukan nan na tuna baya hotunan ranar da aka yi rana kawai suke sawa. Ba za ka ga hazon hayaƙin kwal da ya rufe Landan a Disambar 1952 ba, wanda aƙalla mutum 4,000 suka mutu sanadinsa har aka yi dokar tsabtace iska a 1956. Ba za ka ga Aberfan ba a Wels, inda tulin dattin kwal ya zaftaro kan makarantar firamare ranar 21 ga Oktoba 1966 ya kashe mutum 144, 116 daga cikinsu yara ne. Bulala tana nan a makarantun gwamnati sai a 1986 majalisa ta hana, yawancin yara kuma suna shekara 15 suke barin makaranta su shiga rami ko masaƙa. Baƙin fatar da suka zo a lokacin su ma labarinsu daban ne, mai gida yana iya ce maka ba ya ba baƙi haya kai tsaye kuma ba abun da za a yi masa, sai dokar 1968 ce ta haramta hakan.

TAMBAYA: Malam mu da muka yi zamanin sule da sisi, shin kuɗinmu ɗaya ne da na Ingila a lokacin?
Daga wani dattijo a Katsina

AMSA: Allah ya ƙara lafiya Baba. Lissafin ɗaya ne, kwabo 12 sule ɗaya, sule 20 fam ɗaya, kwabo 240 kenan a fam, amma kuɗin kansu daban aka buga muku. Namu na Afirka ta Yamma ne, shi ya sa kwabonku yake da huji a tsakiya nasu babu, daga 1959 kuma Najeriya ta fara fitar da nata fam ɗin. Su sun bar wannan lissafin ranar 15 ga Fabrairu 1971 suka mayar da fam ɗaya peni 100, mu kuma muka koma naira da kwabo ranar 1 ga Janairu 1973, fam ɗaya naira biyu. Tsofaffinsu har yau ƙorafi suke wai 'yan kasuwa sun fake da canjin sun ƙara wa kaya kuɗi. Sisi kam sun ƙi rabuwa da shi da wuri, an ci gaba da karɓarsa a matsayin peni biyu da rabi har zuwa 1980.