Tambayi Likita: Rayuwa Bayan Ritaya

Likita, maigidana ya ajiye aiki bara, bayan shekara 35 yana wa gwamnati aiki. Tun daga nan ya zama wani iri. Zai yi wanka ya sa kaya ya zauna a zaure har azahar, abinci sai dai ya tsakura, ƙarfe uku na dare idonsa biyu, ga faɗa da yara a kan abin da bai kai ya kawo ba. Ko sammu aka yi masa? — Uwargida daga Zariya

Hajiya, abin da kika lissafa ya fi kama da ciwon damuwa. Mutumin da ya saba masinja na kawo masa fayil, ana layi ana jiran sa hannunsa, rana ɗaya ya wayi gari ko wayarsa ba ta ƙara. Wannan ba ƙaramin rashi ba ne, kuma maza ba su cika faɗa ba. Idan rashin walwala, rashin barci da ƙin cin abinci sun wuce mako biyu, a kai shi asibiti, a haɗa da awon jini da na sukari. In kuwa kika ji ya fara cewa gara mutuwa, a ranar za a kai shi.

Amma magani kaɗai ba zai wadatar ba. Yana buƙatar wurin da in bai je ba za a ce, "Yau ina Alhaji?" Kwamitin masallaci ne, ƙungiyar iyaye da malamai ce, ko koya wa matasan unguwa rubuta takardar neman aiki. Sai dai kada ke ki ce masa ya fita ya nemi abin yi, zai ɗauka kin gaji da shi ne. Ki sa amininsa ya zo ya roƙe shi taimako.

Shekarata 61, ina da hawan jini, ina so in koma gona. 'Ya'yana sun ce in zauna in huta. — Dattijo daga Gusau

Baba, ka tafi gonarka. Hukumar Lafiya ta Duniya na son babba ya motsa jiki aƙalla minti 150 a mako, zaman tabarma kuwa ba ya saukar da jini. Ka fita bayan asuba, ka dawo kafin rana ta take, da gorar ruwa a hannu. Huɗa da ɗaukar buhu ka bar wa 'yan ƙwadago. Kada ka daina shan magani don ka ji garau, kuma in awo ya riƙa kai 140/90 ko sama, ka koma wurin likitanka. Ciwon ƙirji, haki ko jiri, ajiye fartanya ka nufi asibiti. Wannan ba fannina ba ne, amma kada ka zuba giratutinka gaba ɗaya a damina guda. Na sha ganin jinin da asara ta tayar.

Na bar koyarwa shekara biyu ke nan, yanzu sai in manta inda na ajiye tabarau. Ciwon mantuwa ne? — Malama daga Maraɗi

Malama, neman tabarau kowa na yi, har ni. Abin tsoro shi ne mutum ya ɓata a hanyar gidansa, ko ya yi ta maimaita tambaya ɗaya bai san ya yi ba. A duba miki kunne, domin raunin ji na cikin abubuwan da ke ƙara haɗarin wannan ciwo. Sannan ki koma aji, ko da na matan aure ne a Islamiyyar unguwa, sau biyu a mako.