Yadda zane da kiɗan gida ke shiga cikin tsarin jaz

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce kana buga kibod a nan Kaduna, kana son fara tsara kiɗan jaz naka, wato kiɗan nan da ya samo asali daga baƙaƙen fatar Amurka, ka kuma ji ana cewa manyan masu tsara shi daga zane suke samo basira. Tambayarka ita ce ta yaya hoto ke komawa kiɗa, kuma me ya kamata ka saurara.

Maganar da ka ji gaskiya ce. Duke Ellington, shahararren mai tsara jaz ɗan Amurka, zane ya fara koya, har makarantar Pratt da ke Amurka ta ba shi gurbin karatu bai je ba, ya yi sana'ar rubuta allunan talla kafin kiɗa ya ɗauke shi. Amma abin da zane ke ba mai tsara kiɗa shi ne fasali: me ake maimaitawa, sau nawa, ina nauyi ya karkata, ina aka bar fili. Launi shi ne na ƙarshe, kuma a nan masu farawa suke yawan ɓata. Sai ka ga mutum ya ce ja shi ne sautin do, kore shi ne sautin mi, ya jera sautuka bisa launukan hoton, abin ya fito ba kai ba gindi, domin kunne ba ya jin dalilin jerin. Ma'anar launin ma ba ɗaya ba ce a ko'ina. A wurin baƙaƙen fatar Amurka shuɗi yana tafiya da baƙin ciki, mu kuwa idan an ce mutum mai hannu da shuni ne, arziki ake nufi. Idan ka kalli turmin rini ka tsara kiɗan makoki, idon wasu ka ara.

Kada ka fara da hotunan intanet. Fara da abin da za ka iya taɓawa. Babbar riga mai aska takwas ta isa darasin wata guda, kuma za ka same ta wurin masu ɗinkin hannu ko a akwatin dattijon gidanku. Shimfiɗa ta, ka ba ta minti 15 da takarda da biro, kada ka taɓa kibod. Za ka ga aikin ya taru a gefen aljihu, asake suna gangarowa kamar harsuna, ɗaya gefen kuwa tambari ne yana naɗewa shi kaɗai a cikin fili. Ƙirga asaken, ka duba yadda aka rukunta su da bambancin tsawonsu. Sai ka ɗauki gajeren jeri mai sauti uku ko huɗu ya zama askarka, ka maimaita shi daidai adadin da ka ƙirga, duk inda askar ta fi tsawo ka ja sautin ƙarshe. Tambarin ya zama sashe na biyu: sauti ɗaya a tsakiya, sauran suna kewaya shi suna faɗaɗawa. Filin da ba ɗinki kuma shiru ne, ka rubuta shi da ƙirge kamar yadda ka rubuta sauti. Wannan shirun shi ne abin da aka fi cinyewa a situdiyo, saboda kowa yana son a ji hannunsa.

Akwatin da za ka zuba wannan ciki sananne ne. Yawancin tsofaffin waƙoƙin jaz gaɓa 32 ne, kowace gaɓa bugu huɗu: takwas na farko, a maimaita su, takwas na daban da ake kira gada, sannan a koma na farko. Idan kana tafiya bugu 120 a minti, kowace gaɓa daƙiƙa biyu ce, zagaye ɗaya daƙiƙa 64. Asake su cika takwas ɗin farko, tambari ya zama gada. Bayan nan ne masu busa za su shiga ƙirƙirar nan take a kan wannan zagayen, don haka kada ka cika shi maƙil, ka bar musu wurin tsayawa.

Dagi kuma wani darasi ne daban. Igiya ɗaya ce tana hawa kan kanta tana shigewa ƙarƙashi, ba ka ganin farko ba ka ganin ƙarshe. A kiɗa, layi biyu ke nan, saksofon da tirampet misali, ɗaya ya hau gaɓa biyu ɗayan yana riƙe da dogon sauti a ƙasa, sannan su sauya. Idan duka biyun suka motsa lokaci guda, dagin ya cukurkuɗe. In ka samu hali ka shiga birnin Zariya ka ga zayyanar bangon tsofaffin gidaje da bakan gizon tsohon masallacin Juma'a da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina. A cikin garin Kaduna kuma akwai gidan adana kayan tarihi da ke titin Ali Akilu.

Batun sauraro, ni a ganina kana zaune a kan abin da wasu suka tsallako teku suna nema. Yusef Lateef, gwanin saksofon da sarewar Turawa, ya zauna a Jami'ar Ahmadu Bello daga 1981 zuwa 1985 yana nazarin sarewar Fulani. Dave Brubeck, mai buga piyano ɗan Amurka, ya je Turkiyya a 1958 ya ji makaɗan titi suna raba bugu tara gida huɗu, biyu, biyu, biyu, uku, ya koma ya gina kiɗa a kai. Lura da abin da ya ɗauko: ƙirgen, injin abin. Haka za ka yi wa Shata da Ɗan Maraya Jos da makaɗan fada. Liƙa kalangu na daƙiƙa goma a farkon waƙa don a ce an sa gargajiya ado ne kawai, kuma kunnen Bahaushe yana ganewa.

Injin farko shi ne uku a kan biyu. Ƙirga ƙananan bugu 12. Ƙafarka ta taka kowane na uku, sau huɗu ke nan, hannunka ya tafa kowane na biyu, sau shida. Fara a hankali, taku 60 a minti, kullum minti goma, sai ka iya magana kana yi ba ka ruɗe ba. Sannan ka ba hannun hagu aikin ƙafa, na dama aikin tafi.

Na biyu karin harshe. Baba na uba, baba ta uwa da baba na rini, hawa da saukar murya ne ke raba su, kuma abin da kalangu ke bi ke nan har a ce yana magana. Ɗauki kirari ko karin magana ɗaya, ka faɗe shi da ƙarfi sau goma, ka sa alama inda murya ta hau da inda ta sauka, da gaɓar kalmar da aka ja da wadda aka datse. Ka nemi sautukan a cikin biyar ɗin nan: re, fa, so, la, do. Za ka ga layin ya fara sama yana gangarowa, domin haka jimlar Hausa take tafiya. Ko babu mai rerawa, wanda ya san harshen zai ji magana a cikin busar.

Inda abin ke lalacewa shi ne wajen haɗin sauti, wanda 'yan situdiyo ke kira kod. Wanda ya koyi jaz daga darussan intanet yana son sauya kod kowane bugu biyu, sai ya danne layin mai sauti biyar har ya daina numfashi. Riƙe kod ɗaya gaɓa huɗu ko takwas, motsin ya fito daga ganga da amshi. Idan da goge a ciki, matsalar ta ƙaru: goge ba shi da matakai a wuyansa, fa ɗinsa yakan zauna tsakanin maɓallai biyu na kibod, sai a ji kamar mai gogen ne ya kuskure alhali kibod ɗin ne ba ya lanƙwasuwa. Cire fa daga hannunka, ka buga re, so, do kawai, ka bar masa wannan sautin ya yi yadda ya gada.

Kalangu da jitar bes kuma suna zama a kusan zurfi ɗaya, in suka yi magana tare sai a ji gunji. Raba musu gida kamar mawaƙi da 'yan amshi: bes gaɓa biyu, kalangu gaɓa biyu, kuma lokacin kalangu bes ya riƙe dogon sauti ɗaya. Ka kuma kula da yanayi ranar ɗauka. Da hunturu fata tana ɗaurewa sautinta ya hau, da damina ta saki ya faɗi, saboda haka a daidaita goge da ganguna da re ɗin kibod a cikin ɗakin da za a ɗauka, bayan sun zauna a ciki kamar rabin awa, a kuma sake dubawa kafin kowane zagaye.