Na tsine wa ɗana cikin fushi, yanzu yana faɗuwa: bakina ne ya kama shi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni mai tuyar ƙosai ce a unguwar Yalwa, Garwa ta Kamaru. Wata biyu da suka wuce ɗana ɗan shekara 13 ya ɗauke mini kuɗin adashi, sefa 15,000. Raina ya ɓaci na ce, "Wallahi sai na karya ka, shege, Allah ya tsine maka, Allah ya isa tsakanina da kai." Bayan sati uku ya yanke jiki ya faɗi yana kakkafewa, kumfa na fita a bakinsa, kuma ya sake faɗuwa sau biyu. Surukata ta ce rantsuwata ce ta ci shi, maƙwabta suna cewa bakin uwa ne. An kai ni wurin wani mutum, ya ce in kawo baƙin bunsuru da sefa 40,000 ya kwance bakin. Ko barci ba na iyawa. A cikin abin da na faɗa wanne ne rantsuwa, wanne ne tsinuwa, wanne ne ya kama shi? Akwai kaffara a kaina?

Amsa: Wa alaikumus salam, baiwar Allah. Allah ya ba yaron lafiya, ya sanyaya miki zuciya. Kada ki sayi bunsurun nan. Zan dawo kansa.

Magana huɗu kika yi a numfashi ɗaya, kuma kowace da inda ta nufa. "Wallahi sai na karya ka" ita ce rantsuwa, wato kin kafa Allah shaida a kan abin da za ki yi. Wallahi, billahi da tallahi duk daga Larabci muka aro su, muka ƙara namu irin su "na rantse da girman Allah" da "Ƙur'anin Allah". Akwai kuma "aradu", wadda rantsuwa ce da tsawa, ba ta halatta ba ko da an saba da ita, don Annabi (SAW) ya ce mai rantsuwa ya rantse da Allah ko ya yi shiru. To ki lura da yadda Bahaushe yake cewa "rantsuwa ta ci shi". Wa take ci? Wanda ya yi ta a kan ƙarya. Ba a taɓa jin rantsuwar Audu ta ci Tanko ba. Maganar surukarki ko a ma'aunin Hausa ba ta tsaya ba. Yaranmu 'yan lakwal (makarantar boko) ma suna irin wannan ruɗewa, saboda a Faransanci kalmar jurer tana ɗaukar rantsuwa tana ɗaukar ashar, mu kuwa kowace da sunanta.

Tunda ba ki karya shi ba, kuma bai kamata ki karya shi ba, kaffarar tana cikin Suratul Ma'ida aya ta 89: ciyar da miskinai goma ko tufatar da su, wanda bai samu ba ya yi azumin kwana uku. Wasu malamai suna ganin irin wallahin da ke suɓucewa a baki yasasshiyar rantsuwa ce, babu komai a kanta, amma mu da muka tashi a kan mazhabar Malikiyya, ki ciyar da goman ki huta, mudun Annabi ɗaya ga kowane mutum. Wannan tsakaninki da Ubangijinki ne, bai shafi ciwon yaro ba.

"Shege" zagi ne. Zagi ga mutum ake jefa shi, ba a roƙi Allah komai a cikinsa ba. Idan ya kai ga uwa da uba da ambaton tsiraici ya zama ashar, idan da yatsu biyar aka yi shi daƙuwa ce. Shege kam ta sha jiki a bakinmu har mukan ce "shegen wayo" ko "shegen kyau" muna yabo, amma ki tuna asalin ma'anarta, ki ga wa uwa take zagi in ta kira ɗanta da ita.

"Allah ya isa" kai ƙara ce. Wanda aka zalunta ya rasa mai ƙwato masa haƙƙi, sai ya ce Allah ya isar masa. Ana janye ta da kalma ɗaya, "na yafe maka". Ki kula, maka za ki ce. "Na yafe ka" wata magana ce dabam, ta uwar da ta sallama ɗa ta cire shi daga cikin 'ya'yanta.

Saura tsinuwa, wadda ita ce mai nauyin. Cikakkiyar maganar ita ce "Allah ya tsine maka albarka", ƙanwarta kuma "Allah ya ɗebe maka albarka". Albarka ake roƙon a cire, shi ya sa ake cewa tsinanne ko ɗebabbe. La'ana ta fi ta girma, don roƙo ne a nisanta mutum daga rahamar Allah ɗungurungum. "Tir" da "Allah wadai" kuwa yawanci nuna ƙyamar aiki ne kawai. Ba zan ce miki tsinuwar uwa wasa ce ba. Ya zo a hadisi cewa addu'ar mahaifi a kan ɗansa tana cikin addu'o'i uku da ake amsawa, kuma a Sahihu Muslim Annabi (SAW) ya hana mu yi wa kanmu da 'ya'yanmu da dukiyarmu mugun baki, kada a dace da lokacin amsawa. Kin yi kuskure, sai istigfari.

Amma abin da ke ƙona mini rai, wanda kusan kullum sai an zo mini da shi daga Garwa har Marwa da Kusiri, shi ne yadda aka mayar da "baki" kamar wani ƙulli da ake ɗaurewa a jikin yaro, wanda sai gwani ya kwance. Ki sake sauraron jimlar da kika faɗa: "Allah ya tsine." Wane ne mai aikin a cikinta? Allah. Roƙo kika yi, shi kuwa roƙo wanda aka roƙa ke da ikon amsawa ko ƙi. To ta ina mai bunsuru ya shigo tsakaninki da Allah? Wa ya gaya masa an amsa? Wa ya ba shi mabuɗin warwarewa, har da farashi? Idan har bakinki yana da ƙarfin da suke faɗa, ai bakin nan yana nan a wurinki, bai ƙare ba. Wanda ya tsine shi ke sa albarka. Kuma ki karanta Suratu Yunus aya ta 11, inda Allah ya ce da yana gaggauta wa mutane sharri kamar yadda suke gaggawar neman alheri, da an gama da su. Malaman tafsiri sun kawo misalin mutumin da ya fusata ya yi wa ɗansa ko dukiyarsa mugun baki. Ki zaga unguwarku da hantsi ki ji tsinuwa nawa ake yi kafin azahar, a kan kofi da ya fashe ko aike da aka daɗe. Da duk tana kamawa, da ba yaron da zai rage yana tafiya da ƙafarsa.

Su masu wannan sana'a sun san uwa mai jin ta yi laifi ba ta ciniki. Yau baƙin bunsuru, gobe a ce bakin ya yi tsauri sai an ƙara zakara da turare, jibi a ce akwai hannun kishiya, a haɗa ki faɗa da gida. Na taɓa koyar da wata yarinya a Islamiyya da aka yi wa haka kusan shekara biyu, ana wanke bakin uwarta a ƙwarya ana ba ta ruwan tana sha. Wata safiya ciwon ya tashi tana gaban murhu. Na je duba ta, na tarar da hannunta na dama an naɗe da tsumma, yatsu uku sun manne da juna, uwar tana rakuɓe a bakin ƙofa tana cewa ita ta jawo. Sai bayan wannan ƙuna aka kai ta asibiti, aka ɗora ta a kan ƙwayar da take sha kullum, faɗuwar ta yi sauƙi. Yatsun dai ba su dawo ba.

Ni malamin harshe ne, ba likita ba, amma abin da kika kwatanta ya yi kama da farfaɗiya, kuma likita ne zai tabbatar. Ciwo ne na ƙwaƙwalwa, yana iya biyo bayan zazzaɓin cizon sauro mai tsanani ko sanƙarau ko buguwa a kai, wani lokaci ma ba a gano dalili. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum miliyan 50 ke da ita a duniya, kuma har kashi 70 cikin 100 za su iya daina faɗuwa idan sun samu magani yadda ya kamata. Duk waɗannan iyayensu ne suka tsine musu? Wata mata mai farfaɗiya ta je wurin Annabi (SAW) da kanta, labarin yana cikin Bukhari, bai tambaye ta wa ya yi mata baki ba.

Saboda haka ki ji tsoron Allah a kan yaron nan, su ma maƙwabtan su ji tsoron Allah a kanki. Gobe da safe ki kai shi asibiti, ki faɗa wa likita sau nawa ya faɗi da yadda yake yi. Idan akwai zazzaɓi ko sanƙarewar wuya, kada ki jira goben. Kafin nan kada ya zauna kusa da kaskon tuyarki, kada ya je wanka kogin Binuwai, kada ya hau bishiya. In ya faɗi a kwantar da shi ta gefe, kada a cusa masa cokali ko yatsa a baki, kuma yawunsa ba ya sa wa kowa ciwon. Yau da daddare ki kira shi ki dafa kansa, ki ce kin yafe masa, ki ce Allah ya yi masa albarka, da ƙarfi yadda zai ji, don shi ma yana jin abin da ake faɗa a tsakar gida. Sefa 40,000 ɗin nan kuma ki riƙe su na awo da magani.