Ƙaramar wuta da babbar wuta: wacce ke kashe caja?

Tambaya: Malam, a unguwarmu da magariba wutar NEPA takan yi ƙasa sosai, fanka na juyawa da ƙyar, ƙwan fitila ya yi ja. Cajata biyu sun ƙone a wata ɗaya. Ƙaramar wutar ce ke ƙona su? (Wani mai karatu daga Kano)

Amsa: Ɗan'uwa, da wuya ita ce. Ɗauki cajarka ka karanta ƙananan rubutun da ke jikinta, za ka ga 100-240V, 50/60Hz. Wato an ƙera ta ne ta yi aiki a Amurka, inda wutar gida take volt 120, ta kuma yi aiki a Najeriya, inda ma'aunin yake volt 230. Don haka ko wutarku ta faɗo zuwa 150, caja ta asali za ta ci gaba da aikinta. Waɗanda ƙaramar wuta ke wahalarwa su ne masu injin juyawa (moto) a ciki, irin firji da famfon tura ruwa. Firji zai yi ta gurnani yana son tashi ya kasa, injinsa ya ɗau zafi har ya ƙone. Abin da ya sa wutar ta fi yin ƙasa da magariba kuwa, lokacin ne kowa ke kunna kayansa, nauyi ya yi wa taransifoma yawa.

Abin da nake zargi shi ne lokacin da aka dawo da wuta, domin takan shigo da ƙarfi na ɗan ƙiftawar ido. Akwai kuma wanda ya fi wannan muni. Taransifomar unguwa tana fitar da layi uku masu wuta da na huɗu da ake kira nutural. Tsakanin layi ɗaya da nutural volt 230 ne, tsakanin layi biyu kuwa 400. Idan nutural ya tsinke ko ya yi sako-sako a kan falwaya, sai wutar ta rabu ba daidai ba: gidan maƙwabcinka ya dushe, naka ya haura can kusa da 400. Na taɓa ganin haka da idona. Ƙwan falo ya yi wani irin fari ƙal, fanka ta ɗau gudu, kafin a kai ga makunni har warin ƙuna ya tashi daga bayan talabijin. In ka ga wannan alama kada ka tsaya zare kaya ɗaya-ɗaya, ka kashe babban makunnin gidan nan take, sannan ku kai rahoto ofishin kamfanin raba wuta. Don Allah kada a tura yaron unguwa ya hau falwaya.

Ka riƙa zare caja idan an ɗauke wuta, in ta dawo ka ba ta minti biyu ko uku ta zauna.

Tambaya: Ina da shagon buga takardu. Sitabilaiza zan saya wa kwamfutar tebur ko UPS? (Wata mai karatu daga Zariya)

Amsa: Hajiya, aikinsu ba ɗaya ba ne. Sitabilaiza tana ɗaga wuta in ta yi ƙasa, ta sauke ta in ta yi sama, amma da an ɗauke ita ma ta mutu. UPS tana da batir, za ta riƙe miki kwamfuta na 'yan mintuna ki adana aikinki ki kashe ta yadda ya kamata. Mutuwar kwamfuta kwatsam tana cikin rubuta fayil ita ke lalata aiki, wani lokaci har Windows ta ƙi tashi. Ki sayi UPS mai AVR, wato mai sitabilaiza a cikinta, ta haɗa aikin biyu. Sai dai kada ki jona mata firintar leza ko injin fotokofi, suna jan wutar da ta fi ƙarfinta.

Tambaya: In na sa waya caji a ƙaramin janareta sai fuskarta ta riƙa danna kanta. Ta lalace ne? (Mai karatu daga Maraɗi)

Amsa: Ba ta lalace ba. Wutar ƙaramin janareta ba ta da tsabta, caja ta jabu kuma ba ta iya tace ta, sai hargitsin ya isa fuskar wayar. Gwada caja ta asali. Kuma da ka ji janareta ya fara tari saboda mai ya kusa ƙarewa, zare wayar kafin ya mutu.