Amsa: Me ya sa ake kare shahararru idan sun yi laifi?

Malam, ka tambaya me ya sa ake wanke shahararre idan ya yi ɓarna, talaka kuma a tsine masa. Laifi ai tudu ne, kuma da yawa suna ci a jikin shahararren: manaja, kamfani, masu talla. Su kuwa masoya, kunya ce ke hana su yarda cewa gwaninsu ya yi abin kunya, sai su ce hassada ce, ko su tuhumi wadda aka zalunta.

Duba Harvey Weinstein, babban mai shirya fina-finai a Amurka. Shekaru ana ta raɗe-raɗin yana cin zarafin mata, aka yi gum, sai a 2017 jaridu suka fallasa shi. Hazaƙarsa ba ta rage wa matan nan zafi ba ko kaɗan.